Madam Oby da Kundin Mamaci

A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan aka haifi Oby Ifediora, jim kaɗan bayan an gama yaƙin basasa. Mahaifinta makaniken injin jirgi ne, mutumin wani ƙauye kusa da Awka. Yaƙi ya kora shi kudu, da al'amura suka lafa ya tattaro matarsa da akwatin ƙarfe guda ya dawo, don a cewarsa bai iya wani aiki ba sai wannan, bai kuma saba da wani gari ba sai wannan. Oby ta tashi da Igbo a cikin ɗaki, Hausa a tsakar gida da kasuwa, Turanci a makaranta. A gaban idonta jiragen suka soma raguwa, har ciyawa ta rufe layin dogo, awaki suka mayar da tashar wurin shan inuwa. Yayyenta maza duk suka watse, wani Onitsha, wani Fatakwal. Ita ta zauna. Ta yi karatun koyarwa, ta auri wani malamin lissafi mai suna Ugo, suka haifi 'ya ɗaya, Ezinne. Ciwon hanta ya ɗauke Ugo tun yarinyar tana firamare. Yanzu Ezinne tana aure a Enugu, kuma duk wayar da za su yi sai ta ce wa uwar ta tattara ta dawo gida. Oby takan ce kabarin ubanta da na mijinta duk a Kafanchan suke, ita ba ta san wani gida ba bayan wannan.

Ta daɗe tana koyarwa a sakandare kafin ta koma wata ƙaramar kwalejin horar da malamai mai zaman kanta a gefen gari, a sashen nazarin zamantakewa. A nan aka ɗora mata duba kundin binciken ɗaliban shekarar ƙarshe, abin da kowa ke kira furojet. Ba a ba ɗalibi takardar shaidar malanta sai ya rubuta shi, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. A bakin titin da ke gaban kwalejin kuwa akwai shagunan buga takardu, kuma kowa ya san a wasunsu ba bugawa kaɗai ake yi ba. Ka faɗi taken da aka ba ka, ka dawo jibi, a miƙo maka babi biyar da sunanka a bango.

Kwalejin ba ta da irin manhajar da manyan jami'o'i ke zuba rubutu a ciki ta nuna inda aka kwafo. Abin da Oby take da shi idonta ne da kunnenta. Shekarun da ta yi tana gyara rubutun yara sun koya mata cewa kowane ɗalibi da irin tafiyarsa a kan takarda. Idan wanda ke ɗingishi a Turanci tun shekarar farko ya miƙe ya kama gudu a tsakiyar babi na biyu, ta san ba da ƙafarsa yake gudun ba. Ta taɓa karanta kundi a kan makarantun Zangon Kataf, can ciki sai ga yara suna shiga kwalekwale su je aji. Ta taɓa ganin wanda mai shi ya gode wa matarsa da 'ya'yansa a shafin godiya, alhali mai kundin budurwa ce.

Ba ta yi wa ɗalibi tsawa. Rufe kundin take yi, ta ɗora hannu a kai, ta ce ya ba ta labarin abin da ya rubuta, da Hausa ma idan ta fi masa sauƙi. Wanda ya yi aikin da kansa sai ka ga magana tana zuba, har sai ta tsayar da shi. Wanda ya saya sai ya kama kallon rufin ofis. Daga nan sai ta yage bangon ta jefa a kwando, ta ce ya je ya dawo mata da shafi biyu na rubutun hannunsa ranar Litinin, su fara daga farko. A duk shekarunta ba ta taɓa kai kowa gaban kwamitin ladabtarwa ba. A ganinta yawancinsu ba ɓarayi ba ne. Ba a taɓa zaunar da su an nuna musu yadda ake yi ba, ga tsoro, ga gona ko aiki yana jiransu a gida.

A shekarar 2018 aka ba ta wani ɗalibi mai suna Zamani, ɗan Jaba, daga wani ƙauye da ke bayan Nok, inda mota ba ta kaiwa sai babur. Dogo ne, marar yawan magana, kakarsa ce ta rene shi da noman citta. Shi ya zaɓi abin da zai bincika: yadda ake cire 'yan mata daga makaranta lokacin girbi su zauna tsaga citta da shanya ta a kan duwatsu. Turancinsa ba shi da kyau, amma nasa ne. Yakan je gida ya zauna da tsofaffin mata yana tambaya da yarensu, ya dawo ya juya abin da suka ce da ƙyar, Oby ta bi jimla bayan jimla da jan biro. Yana da wata ɗabi'a ta fara magana da "kamar yadda na gani da idona". Ta soke ta har ta gaji, tana gaya masa ba haka ake rubutun bincike ba. A ƙarshe ta bar masa ita a wuri ɗaya, inda yake bayanin yadda hannun yaran ke tsagewa saboda yajin citta, don a nan ta ga gaskiya ne, da idon nasa ya gani.

Ya gama babi huɗu, an buga su a shagon wani saurayi mai suna Prince a bakin titi. Da ta karanta sai ta ga akwai giɓi guda: bai tambayi matan ko su kansu an cire su daga makaranta suna yara ba. Ta ce ya koma ya tambaya, ko kakarsa kaɗai ce. Ya ce lokacin ba shi da kyau a hanya, amma zai je ya dawo kafin mako ya zagayo. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare titi, direban ƙaramar bas ɗin ya ƙi tsayawa, suka buɗe wuta. Zamani yana zaune a bakin taga.

Oby ta je jana'izar a bayan babur, ta hanyar ƙafa mai ratsa gonaki. Bayan fasto ya gama addu'a, kakar Zamani ta riƙe hannunta ta yi ta magana da yaren Jaba, don tsohuwar ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Wani ya so ya fassara, Oby ta girgiza kai, ba ta son ta ji. Ta dawo Kafanchan ta kwanta zazzaɓi. Ba ta gaya wa kowa cewa ita ta tura shi ba sai shugaban sashensu, Malam Jamiluddeen, dattijo ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa a cikin gari, wanda ya ce mata kwanansa ne ya ƙare. Ta karɓi maganar don ladabi. Bayan shekara guda wani ɗan ƙauyen ya same ta a kasuwa ya ce mata tsohuwar ma ta bi jikanta.

Shekaru suka wuce. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a duk yankin. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa, manoma suka tona suka tarar da wari. Ba wanda ke zaune a Kudancin Kaduna da bai ji kukan wannan shekarar ba. A wannan zangon ne aka ba Oby wata ɗaliba mai suna Patricia, 'yar Kataf daga Samaru Kataf, mace mai shekaru kusan arba'in da 'ya'ya uku. Tana koyarwa a wata firamare ta coci, karatun kuma a ƙarshen mako take zuwa yi. Masu makarantar sun ba ta wa'adi: ko ta kawo takardar shaidar malanta a ƙarshen shekara, ko su ɗauki wata. Mijinta ɗan acaba ne da ya tafi Abuja nema, ya daina aike, daga baya ya daina ɗaukar waya. Kullum a gajiye take shigowa aji, da ƙurar alli a bakin zaninta.

Sau ɗaya ta zo ofis ta faɗi abin da take son bincikawa, wani abu a kan karatun 'ya mace a karkara. Oby ta ce ta kawo shafukan farko su duba tare. Daga ranar ba ta sake ganinta ba sai da lokacin miƙa kundi ya matso, ta shigo da babi biyar a ɗinke, da shuɗin bango, ta ajiye da hannu biyu ta fita.

Da rana tsaka Oby ta buɗe shi, babu wuta, taga a buɗe. Abin da ya fara tsayar da ita shi ne shekarar. Kundin ya ce an yi binciken a ƙarshen 2023, kuma yana bayanin duwatsu lulluɓe da citta ana shanya, buhuna jibge a kowane gida, manyan motoci suna shigowa lodi. Ta ajiye biro. A wannan shekarar babu dutsen da aka shanya wa citta haka a ƙasar Jaba. Ta ce a ranta, an kwafo tsohon aiki an canja kwanan wata, abin da ta saba gani. Har ta miƙa hannu za ta rufe, idonta ya faɗa kan wata jimla a babi na huɗu. Kamar yadda na gani da idona, in ji jimlar, hannun yaran yana tsagewa har ya yi jini.

Ta koma shafin farko ta sake karantawa a hankali. Duk ga su nan. Kalmomin da ita da kanta ta sa masa a wurin nasa, sakin layin da suka yi gardama a kansa, sunayen tsofaffin matan. An canja sunan marubuci da shekara, an ƙara babi na biyar daga wani wuri da Turanci mai santsi wanda bai san citta ba. Wanda ya yi canjin bai ma karanta ba, don a wani shafi ya bar inda Zamani ya rubuta "kakata ta gaya mini". Oby ta zauna har aka tashi daga aiki ba ta motsa ba. 

Ranar Asabar ta aika aka kira Patricia. Ta rufe kundin ta ɗora hannu a kai kamar yadda ta saba, amma ba ta ce mata ta zauna ba. Ta tambaye ta ko ta je ƙauyen da kanta.

"Na je, Ma. Ni ne na je da ƙafa na."

"Tsohuwar da kika ce kakarki ce, da wane yare kuka yi magana?"

 Patricia ta ce da Hausa. Oby ta tambaye ta yadda 'yar Kataf ta samu kaka a ƙasar Jaba, da kuma inda ta ga cittar da ta cika duwatsu a shekarar da kowa ya yi asara. Patricia ta sunkuyar da kai. Can ta durƙusa a kan siminti ta ce gaskiya ba ita ta rubuta ba, a shagon Prince ta karɓa. Ta ce ta yi ƙoƙari, ta fara har sau biyu, amma yaronta na ƙarshe ya kwanta asibiti, ga aji, ga hanya. Ta roƙi a ba ta dama ta sake, ta ji an ce Ma tana ba mutane dama.

Gaskiya ne, tana bayarwa. Kwandon yana nan a gefen tebur. Amma a ranar Oby ba ta ga matar da ke durƙushe a gabanta ba. Saurayin da ke zaune a bakin taga take gani, da shuɗin bangon da aka manna wa aikinsa da sunan wata. Ta ce wa Patricia ta tashi ta tafi, za ta ji daga kwaleji. Ba ta jira Litinin ba, ta ɗauki kundin ta hau babur zuwa gidan Malam Jamiluddeen.

Ya saurare ta a zauren gidansa har ta gama. Ya juya shafukan, ya cire tabarau ya goge. Ya ce ya tuna yaron. Sannan ya ce, "Madam, ke da ba ki taɓa kawo kowa ba. Ki bari ki kwana a kan maganar nan. In ta bar hannuna, ba ni da iko da ita kuma." Ta ce ta riga ta yanke shawara, in bai kai ba ita za ta kai. Ya karɓa.

Ita a lissafinta za a mayar da Patricia baya da shekara guda ne, ta sake aikin. Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne masu tantance kwalejoji suna tafe a wannan zangon, kuma masu kwalejin suna neman abin da za su nuna cewa ba sa wasa da satar rubutu. Shekara da shekaru kundaye na saye suna wucewa ta hannun malamai ba wanda ya ɗaga kai, yanzu ga guda an kawo da hujja a fili. Kwamiti ya zauna cikin gaggawa. Aka ce Oby ta faɗi yadda ta gane, ta faɗa, har da wanda ya rubuta da yadda ya mutu. A nan Patricia ta fara jin labarin. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta ce da wata murya da ake ji da ƙyar, "Yesu. Ban san mutum ya mutu a kan shi ba." Ba ta ƙara kare kanta da komai ba.

Hukuncin kora ne gaba ɗaya. Aka manna sanarwa a allon ƙofar kwaleji da cikakken sunanta. Oby ta koma wurin Malam Jamiluddeen ta ce wannan ya yi yawa, ba abin da ta nema ke nan ba. Bai tuna mata da abin da ya gaya mata a zaure ba. Ya ce zai gwada, amma ba yanzu ba, sai baƙin sun zo sun tafi. Kafin su zo su tafi labari ya kai Samaru Kataf, makarantar cocin ta sallami Patricia.

Sai Oby ta nufi shagon Prince. Ta san shi tun yana goye, cocinsu ɗaya da iyayensa, a ƙungiyar 'yan garinsu ma tare suke zama da uwarsa. Ya tashi ya ba ta kujera, ya kashe janareto don su ji juna. Bai musa komai ba.

"Anti, yaron bai sake dawowa ba. Abin yana cikin kwamfuta yana zaune. Ni me zan yi da shi?"

Ta tambaye shi ko ya san Zamani ya mutu. Ya ce ya sani, har ya ji tausayi. Ya ce aikin mai kyau ne, shi ya sa yake tafiya. Patricia ba ita ce ta farko ba. Kundin ya tafi Akwanga, ya tafi Zariya, akwai wanda ya kai shi Makurɗi bayan an mayar da cittar doya. Kuskurensa ɗaya, in ji shi, da bai tambayi wace malama ce za ta duba ba. Ya ƙara da cewa akwai malaman da su da kansu suke turo masa ɗalibai, amma bai kama suna ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ce ya goge shi yanzu a gabanta. Ya juyo mata fuskar kwamfutar ya goge, cikin ladabi. Tana kallon ƙananan filas na adana kwafin aiki da ke rataye a ƙusa bayan kansa, ta san aikin banza ta yi.

Kwalejin ta ce ba ta da iko da shagon da ke wajen katangarta. Da ta ɗaga maganar a taron 'yan garinsu, dattawa suka ce ta yi haƙuri, kada ta taɓa abincin yaro a wannan zamani da aiki ya yi wuya. Uwar Prince ta daina amsa gaisuwarta a ƙofar coci.

Daga wannan zangon Oby ta canja yadda take aiki. Ta daina karɓar kundi a ɗinke. Duk ɗalibin da aka ba ta, sai ya zo ofis ranar Asabar ya zauna a gabanta ya rubuta da hannu, wayarsa tana kan teburinta. Babi ɗaya ba ya wucewa sai sun tattauna shi baki da baki. In ya ce ya yi hira da wani, ya kawo muryar a waya su saurara tare. Taken bincike kuma ba ta yarda da wanda aka taɓa yi, kuma dole ya kasance a kan abin da ke unguwar ɗalibin, inda zai taka da ƙafa, ba inda zai shiga mota ba. A makon farko takan nuna musu yadda ake ɗauko maganar wani a faɗi mai ita, da yadda ake karanta shafi a rufe littafin a faɗe shi da bakin kai. Da yawansu sun ce ba a taɓa gaya musu wannan ba tun daga firamare.

Ta kai tsarin taron sashe ta ce kowa ya ɗauka. Abokan aikinta suka ce tunani ne mai kyau, amma kowannensu yana da ɗalibai fiye da yadda zai iya tuna sunayensu, ga albashi ba ya zuwa a kan kari, ga wasu suna koyarwa a wurare biyu. Ba ƙarya suka yi ba, ita ma ta sani. Aka rubuta shawarar aka ajiye. Ɗalibai kuwa suka fara bin bayan fage suna roƙon kada a ba su Madam Oby. Magana ta yaɗu cewa ta tura wani ya mutu a hanya, ta kori wata da 'ya'ya uku. Ta ji maganar daga bakin mai share ofis. Ba ta ga inda za ta ƙaryata ba. Ana cikin haka kuma sabon abu ya shigo: yanzu waya ce ke rubuta wa ɗalibi babi cikin ɗan lokaci, da Turanci mai kyau wanda ba a kwafo daga ko'ina ba, babu tsohuwar shekara ko kwalekwale da zai tona asiri. Abin da ya rage mata shi ne ta rufe takardar ta ce a ba ta labari.

Sai bayan shekara Malam Jamiluddeen ya samo kan masu kwalejin. Suka yarda Patricia ta dawo ta maimaita shekarar ƙarshe, ba tare da an yi shela ba. Oby ta ce ita za ta kai saƙon da kanta. Ta shiga mota zuwa Samaru Kataf ranar kasuwa, ta yi ta tambaya har aka nuna mata wata rumfa a bayan tasha, inda Patricia ke soya doya da dankali. Ta rame, wuta ta dafa mata fuska. Da ta ga Oby ta goge hannu a zani, ta jawo benci ta kakkaɓe, ta gaishe ta kamar yadda ɗaliba ke gaida malama, ta tambayi hanya da aiki.

Oby ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce za ta zauna da ita kowace Asabar har su gama, kuma abin da ya faru da Zamani ba laifin Patricia ba ne, bai kamata ta ɗauki nauyinsa ba. Patricia tana juya doya a cikin mai tana saurare. Ta ce ta gode. Ta ce da fari a bakin babban titi ta kafa rumfar, inda ciniki ya fi, amma iyayen yaran da ta koyar suna wucewa ta nan, shi ya sa ta dawo bayan tasha. Ta ce a garin nan kowa ya san abin da aka manna a allo, ko ta kawo takarda goma ba wanda zai ba ta aji.

"Na yafe, Ma. Ubangiji ya sani na yafe. Ni ma na yi laifi. Amma ba zan iya shiga wannan ƙofa kuma ba."

Oby ta ce ta yi tunani, ba sai yau ba. Patricia ta ce to. Ta naɗe doya mai zafi a takarda ta miƙa mata, ta ƙi karɓar komai, ta raka ta har bakin mota ta koma da sauri kada man ya ƙone.

Ba ta dawo ba. Oby ta kira ta sau da dama, tana ɗauka su gaisa, daga baya lambar ta daina shiga. Wata 'yar cocinsu ta ce ta kwashe yaran ta koma wurin yayarta a Kujama, suna noma. Shagon Prince ya ƙara girma, ya kama na kusa da shi ya fasa bango. Malam Jamiluddeen ya yi ritaya, wanda ya gaje shi saurayi ne mai son a gama komai da wuri. Idon Oby na hagu ya fara yin yana, likita ya ce ta rage karatu, tana karantawa da na dama tana karkata kai. A bana ɗalibai biyu aka ba ta. Ɗayar tana bincike a kan rijiyoyin unguwarsu da yadda ɗiban ruwa ke makarar da yara, tana zuwa kowace Asabar da jaririnta a baya, sun kai babi na uku. Ɗayan tun da ya ji sharuɗɗan a makon farko bai sake zuwa ba.